Ranar da Muka Shayar da Motar Baba Man Shanu

Ranar Juma'a ta biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar na firamare, da hantsi Baba ya fito daga turakarsa cikin farar babbar riga da ta sha guga, ya ce in kawo makulli. A ranar ne za a je Funtuwa a tarbo yayansa, Baffa Garba, wanda ya dawo daga aikin Hajji, kuma dattawan unguwa uku na zaune a kan dakali tun da sassafe, kowa da hularsa ta fita kunya, suna jiran a ce su shiga mota. Na ciro makullin daga wuyana, inda yake rataye da zaren buhu, na miƙa masa. Yana buɗe ƙofar direba wani wari ya buso, warin man shanun da ya kwana biyu a rufe cikin zafin bazara, har ɗaya daga cikin dattawan ya ja gefen rawaninsa ya toshe hanci. Kiyashi sun yi layi tun daga taya har kan sitiyari. Katakon nan na gaban mota, wanda Baba ke ji da shi fiye da shanun nomansa, ya yi fari-fari a wani wuri, ya kumbura a wani, gefensa kuma ya ɗago ya nannaɗe kamar ɓawon albasa. Baba ya daɗe a sunkuye yana kallo. Ni kuwa na san wanda ya yi wannan aika-aika, domin hannuna ne, bisa shawarar kakata.

Ƙauyenmu yana gefen Tsiga, kuma kafin wannan mota babu mai abin hawa mai ƙafa huɗu a cikinsa in ba jaki ba. Shekarar da ta gabata auduga ta yi kyau sosai, muka yi ta cira har yatsunmu suka farfashe, aka yi ta kai dami fulotin da ake awonta. Kowa ya ɗauka Baba zai ƙara shanu ne ko ya sa wa ɗakin Inna kwano, sai ga shi wata rana da yamma ya shigo gari cikin doguwar mota ruwan toka, yara na bin ta da gudu. Daga hannun wani tsohon ma'aikacin kamfanin auduga ya saye ta a Funtuwa. Motar ta tsufa, ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, ƙofar baya ta hagu daga waje kawai ake buɗe ta. Amma a ciki, daga wannan ƙofa zuwa waccan, ƙarƙashin gilashin gaba, akwai wani siririn katako mai launin zuma, da zane-zane a jikinsa irin wanda Allah ke yi wa itace, yana sheƙi har kana ganin fuskarka. Akwai irinsa a jikin ƙofofin ma. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, amma na rantse saboda shi Baba ya sayi motar, sauran ƙarfen duk rakiya ya yi.

Wanda ya sayar masa ya ja masa kunne a kan katakon, shi kuma ya dawo gida ya mayar da jan kunnen doka. "Ba ya son ruwa, ba ya son rana, ba ya son hannu," haka yake faɗa, sau nawa a yini Allah kaɗai ya sani, har ƙannena suka mayar da shi waƙar gaɗa in ba ya nan. Ba a shan rake a motar, ba a cin gyaɗa, mai cin goro sai ya kurkure baki. Ya kafa mata rumfa ta musamman a ƙofar gida, da ginshiƙan darbejiya da rufin zana ninki biyu, ya juya bakin rumfar yamma, wajen hanya, don duk mai wucewa ya ga fuskar motar. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne motar ta fi kowa hutu a gidan. Taki a amalanke ake kai shi gona kamar da. Inna in za ta je awo asibiti a bayan babur take tafiya, wai hanyar ta yi gargada, girgiza za ta sassauta katako. Mu ma da ƙafa muke zuwa niƙa, ƙwarya a ka, mu wuce ta gabanta tana zaune a inuwa kamar baƙuwar da aka hana aiki.

Yayyena maza biyu sun so a ba su aikin kula da ita, amma Baba ya duba tafukansu da fartanya ta mayar kamar bayan kada, ya ce ko kusa kada su zo. Sai ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa faɗin sunana ba, Uwata yake ce mini. A gaban kowa ya ce duk gidan nan hannun Uwata kaɗai ya yarda da shi, ya yago wani yanki daga tsohon rawaninsa da wanki ya tausasa, ya ba ni, sannan ya rataya mini makullin a wuya. Tun daga ranar, kullum bayan na share tsakar gida na zuba wa kaji tsaba, sai in wanke hannu da sabulu, in jira su bushe ƙayau, in buɗe motar in shiga a durƙushe. A hankali ake shafawa, ana bin inda zanen itacen ya bi, ba a dannawa, ba a komawa baya. Shi kuma sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan rufin motar, wai yana duba aiki. A nan ne yake ba ni labarin da ba ya ba kowa: wace gona ce ta gaji za a bar ta ta huta, me ya sa bai yarda da hadarin da ya taso daga kudu ba, yadda ya fara zuwa Zariya a bayan babbar mota yana yaro ya dawo ba takalmi. Baba ba mai hira da yara ba ne. Mu tara ne a gidan, kuma in ka cire wannan ɗan lokaci na safe, ban tuna wani wuri da ya taɓa yi mini magana ni kaɗai ba.

Aikin yana da nasa takaicin. Sau da yawa ina isa makaranta an gama sharar fili an shiga layi, in sha bulalar makara, in kuma ba ni da bakin cewa shafar katako ce ta tsayar da ni. Da Sallah 'yan'uwana duk suka ƙunsa lalle hannu da ƙafa, ni aka ce ƙafa kawai, kada launi ya hau katako. Ƙuli-ƙuli ma sai da rana nake ci, don maiƙo. Ina yawan yin mita a gaban Inna, ina cewa ni na gaji da bautar itace. Amma in muna carafke a gindin mangwaron makaranta, makullin ya leƙo daga wuyan rigata, ƙawayena suka tsaya kallo, ba na saurin mayar da shi ciki.

Ana cikin haka bazara ta kama. Wata Talata da safe ina shafa, haske ya faɗo a kan katakon ta gefe, sai na ga wasu tsage-tsage siri-siri kamar gashi, sun fi yawa a ɓangaren da ke kusa da gilashi. Na shafa, ba su tafi ba. Na hura musu iska na sake shafawa, suna nan. Ni kaɗai ke taɓa katakon nan a duniya, to in ya fashe wa za a ce ya fasa? Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana ba ni labarin irin masarar da zai gwada bana, na karkata jikina na tare wurin, na gama da sauri na kulle. Washegari aka aiko masa da rasuwa a wajen Gozaki, ya ce zai kwana can ya dawo Alhamis da yamma. A motar haya ya tafi, ba sai na faɗa ba, tasa kuma ya bar ta a rumfa saboda hanya.

Da ya ba da baya na ɗauki damuwata na kai wa Iya, kakarmu, mahaifiyarsa. Iya tsohuwa ce mai ƙarfin jiki da ƙarfin baki, ba ta taɓa yarda akwai abin da ba ta san kansa ba. A ɗakinta akwai akusa guda biyar baƙaƙe wuluk, tun na aurenta, ko ɗaya bai tsage ba, kuma duk gari an san sirrinsu: duk shekara in zafi ya shigo sai ta dirje su da toka da lallausan yashi, ta narka man shanu ta shafe su ciki da waje, ta kife su a rana su sha. Haka take yi wa muciya da ludayin itace da ƙotar fartanyar marigayi kakanmu. Tun zuwan motar take jin haushin dokar ɗanta, tana cewa ita ba ta taɓa jin itacen da ake hana wa mai ba. Na ja ta har rumfa na nuna mata. Ta sa babban yatsa ta murza wurin, ta yi tsaki, ta ce: "Ƙishirwa ce, takwara. Wata shida kuna shafa shi da busasshen tsumma, ko ni ce ai na tsage." Ta ce in kwantar da hankalina, in ubana ya dawo zai same shi ya fi sabo.

Ina ma a ce wani ya tsayar da mu. Inna tana can bayan gida tana surfe, makaranta kuma ana hutu, babu mai neman inda nake. Iya ta sa yayyena suka naɗe zanar rufin rumfar, ta ce musu shanya za ta yi, suka yi gaba abinsu. Ta ɗebo tokar murhu ta tankaɗe, ta haɗa da yashin bakin rijiya, ta ba ni soso ta ce in fara, sai an buɗe wa itace ƙofa kafin ya sha mai. Gogawar farko sheƙin ya dushe, wurin ya yi fari kamar an zuba gari. Na ɗaga kai a tsorace, ta ce haka akushi ma yake yi, in ƙara ƙarfi. Na ƙara. Can kusa da agogon man fetur sai na ji soson ya kama wani abu, na duba, katakon ya ƙare, wani ƙarfe mai launin toka yana kallona daga ƙasa. Ashe duk abin nan da muke wa bauta kaurinsa bai kai na farce ba. Iya ta leƙo ta gani, maimakon ta tsorata sai ta hasala, ta ce lalle an cuci ɗanta, fata aka liƙa masa a kan gwangwani aka ce katako ne. Duk da haka ba ta fasa ba. Ta kawo man shanu a kasko, da ɗuminsa, muka shafe gaban motar da jikin ƙofofin duka huɗu har yana ɗiga, ta sa na ɗaga gilasai na kulle, ta ce a bar shi ya wuni ya kwana ya sake wuni.

Ranar Alhamis da la'asar, kafin a mayar da zana, na leƙa ta gilashi. Man ya bi ta tsagogin ya shige ƙarƙashi, zafi ya dafa shi, katakon ya saki jikin ƙarfen ya tashi tudu-tudu. Na koma na faɗa wa Iya, ta ce alamar ya ƙoshi ne, zai kwanta. Baba ya dawo a gajiye, na kai masa ruwan alwala, ya ce, "Uwata, lafiya motar?" Na ce lafiya lau. Wannan amsar ta fi tokar da yashin ɓarna, amma a lokacin ban sani ba.

To, ranar Juma'ar nan da Baba ya ɗago daga cikin motar, bai tambayi kowa komai ba, ni ya kalla. Kafin in buɗe baki Iya ta fito daga zaure tana gyara mayafi, ta ce ita ta sa, da takwararta ta nuna mata ya tsage, kuma gara da aka yi, ga shi asirin wanda ya sayar masa ya tonu, in yana da zuciya ya mayar masa da gwangwaninsa. Dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Baba mutum ne da bai taɓa ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, kuma ba a ranar zai fara ba. Ya ce mata, "To, Iya." Ya sa aka kawo tsummoki aka kwashe abin da zai kwasu, aka kakkaɓe kiyashi, dattawa suka shiga suna tattare riguna. Har ya tayar da motar sai ya leƙo ta taga ya ce mini, a hankali yadda ba wanda ya ji: "Ke kin ga ya tsage, kika wuce ni. Na tambaye ki, kika ce lafiya lau." Bai ce Uwata ba. Da suka dawo da yamma na tsaya a bakin rumfa kamar kullum don in karɓi makulli, ya kulle motar ya jefa shi aljihu ya shige gida.

Daga baya muka ji yadda tafiyar ta kasance. Gilasai a sauke suka je suka dawo. Baffa Garba, wanda tun suna yara yake yi wa Baba gorin ba ya iya riƙon kaya, yana shiga ya shinshina ya tambaya ko motar tallan nono take yi kafin a saye ta. Farar jallabiyar da ya sawo daga Makka ta ɗauki tambarin mai a gwiwar hannu, kuma har ya rasu bai daina ba da labarin ba.

Bayan mako guda Baba ya ce in shirya, Funtuwa za mu, in je in faɗa da bakina abin da na zuba. Wurin wani kafinta ya kai ta, Malam Lamidi, Bayarabe haifaffen garin, wanda ya fi mu iya zagi da Hausa. Na jera masa: toka, yashi, soso, man shanu, rana. Ya yi dariya har ya zauna a kan bencinsa, ya ce saura gishiri da daddawa. Sannan ya bayyana cewa ba cuta aka yi ba, haka ake yin irin wannan katako ko a motar wane ne, a yanko itace mai kyau siriri kamar takarda, a liƙa da gam, a rufe shi da ruwan ƙyalli da ke bushewa kamar gilashi. Mai ba ya isa ga itacen, don haka ba ya shan komai. Ya duba ɓangaren da sosona bai kai ba, ya ce waɗannan tsage-tsagen ba hannu ne ya yi su ba, rana ce, ya tambayi Baba ina motar ke fuskanta in an ajiye ta. Baba ya ce yamma. Malam Lamidi ya ce to ai shi ke nan, kullum daga la'asar zuwa faɗuwar rana gilashin nan gasa shi yake yi. Ya ƙara da cewa da an kawo masa tun suna siri-siri, aikin yini ɗaya ne. Maganar farko ta Baba ce, ta biyu tawa, kowa ya karɓi rabonsa. Malam Lamidi ya yi abin da zai iya, ya goge da sanfefa ya liƙe ya shafe, amma mai ya riga ya shiga, katakon ya koma baƙi-baƙi da tabo, inda na huda kuwa sai ƙyallen fata ya rufe da shi.

A hanyar dawowa na zauna a baya ina jiran ya ce wani abu. Ai an faɗa a gabansa cewa ba ni na fasa ba, rumfarsa ce. Shi kuma, yanzu na gane, yana jiran in ce ya yafe mini ƙaryar da na yi masa. Muka wuce Bakori, muka wuce Tsiga, ba wanda ya yi tari. Daga wannan makon motar ta zama mota. Ta ɗauki taki, ta ɗauki buhunan masara zuwa kasuwar Danja, ta kai mata haihuwa asibiti, har ɗan akuya ya taɓa yin fitsari a kujerar baya Baba bai ce komai ba. Inna ta ce Allah ya yi wa Iya albarka, ita ta 'yanta gidan. Kowa ya ci ribar man shanun nan, ni kaɗai na faɗi.

Haushi ya sa na daina bi ta ƙofar gida da safe. In na gama shara sai in ɗauki jakata in fice ta ƙofar baya, ta wajen turken awaki, in zagaya ta cikin gonar rogo in hau hanyar makaranta, don kada ma in ga rumfar. Na ce a raina in yana so ya kira ni, ai ya san sunan da yake kirana. Ya ci gaba da ce mini Uwata bayan 'yan kwanaki, ya biya mini makaranta har inda na so, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma hirar safe ba ta dawo ba, shekara biyu bayan haka kuma na tafi makarantar kwana a Malumfashi, daga can sai aure da aiki.

Yanzu ni ma ina da 'yar motata da nake zuwa koyarwa da ita, gabanta har da wani abu mai launin zuma da zanen itace, amma roba ce zalla. Masu wanki su watsa mata ruwa da kumfa, yarana su ci fanke su goge hannu a jiki, ta wuni a rana, babu abin da ke samun ta, babu kuma wanda ke tsayawa a bakin ƙofarta ya yi hira da wani. Har yau in na tuna da Iya da kaskonta sai in ji kamar in yi tsaki, in na tuna da kaina kuma tsakin ya fi tsawo. Bayan rasuwar Baba, muna zaune da Inna muna tsince wake, ta ce mini bayan abin nan ya yi kusan wata guda yana fita rumfar nan kowace safiya da makulli a hannu, yana gyaran murya, yana duban zaure, har rana ta ɗaga ya haƙura ya tafi gona. Na ce me ya hana ta faɗa mini? Ta ce shi ya hana, wai in ina so ai na san inda motar take. Tsakanin turken awaki da rumfar bai fi taku talatin ba, kuma da ni da shi aka rasa mai yin su.